Babban Yatsana da Madabod ɗin Auta

Jama'a, na ga saƙonninku. Wadda ta rubuto cewa ni mugun uba ne, na gode, Allah ya ba ta uba mai sauƙin kai. Wanda ya ce in ƙyale yara su yi soyayyarsu, shi kuma ya haifi 'ya mace tukuna, ya raine ta shekara ashirin da huɗu, sannan ya dawo mu yi magana. Amma yau ba kare kaina na zo yi ba. Abin da zan ba ku yau, da akwai yadda zan yi da na haɗiye abina.

Saboda sababbin shigowa: ni bakaniken manyan motoci ne, shekara talatin da ɗaya ina kwance a ƙarƙashin tirela. Boko ban yi nisa ba, kuma ba na ɓoyewa. 'Ya'yana huɗu, uku suna gidajensu, saura Auta. Da rana tana zanen gine-gine a wani ofis. Idan ta dawo sai ta jefar da mayafi a kan gado, ta ƙwama wani abin ji a kunne irin na matuƙan jirgi, ta zauna wasan kwamfuta. Kun san wasan me? Tuƙin tirela. Ni ina fitowa daga ƙarƙashin ta gaske baya na ciwo, ita tana kan kujera mai laushi tana tuƙa ta ƙarya, har da sa sigina.

Tsohuwar kwamfutarta ta gaji, tana tsaka da shan kwana sai hoton ya daskare. Shi ne ta ce ba za ta sayi haɗaɗɗiya ba, da hannunta za ta haɗa sabuwa, kaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam ya burge ni, jinina ne. Wata goma sha huɗu tana tara kayan. Inda aka samu matsala shi ne shagon da take saye. Mai shagon wani saurayi ne siriri, kullum riga a goge, agogo baƙi, tabarau a kan hanci. Ita Injiniya take ce masa. Ni Ɗan Tabarau nake ce masa, kuma ban ga ranar dainawa ba. Yarinya ta je sayen fanka ta dawo mana da saurayi. Yanzu har magana ta kai ga manya, an ce iyayensa za su zo.

Mamanta ta gama sallamawa tun ranar da ya dawo mata da hotunan jikokinta da suka ɓace a waya. Ni kuwa mai sayar da kayan gyara ban taɓa yarda da shi ba, na mota ne ko na kwamfuta. Na san su. A wanke tsohon boris da fetur, a shafa masa sabon giris, a sa a sabon kwali, a miƙo maka ana rantsuwa. Wanda ya iya yi wa ƙarfe wannan kwalliyar, me zai hana shi yi wa halinsa?

Kayan da ya rage na ƙarshe shi ne madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa. Wata Lahadi da yamma ya zo domin su zaɓa. Ya ɗosana a bakin kujera a falo, Auta na ɗaya kujerar cikin doguwar riga ruwan toka wadda na san ba ta sa ta sai da dalili. Ni kuma na kafa kujerata a bakin ƙofa, ina goge wani fulogi da babu abin da ya same shi.

"Baba, matso ka gani, ai harkarku ce," in ji shi. "Madabod kamar shasin mota ne. Komai a kansa yake hawa."

"Daga nan ma ina ji."

"Furosesa shi ne injin. Kowane furosesa da irin gurbinsa. Idan gurbin bai dace ba, ko da guduma ba zai zauna ba."

"Da guduma komai yana zama."

"Baba!" in ji Auta.

Ya nuna mata guda uku a wayarsa. Na farko ƙarami ne, wurin sa ram, wai abin da ke ƙara wa kwamfuta sauri, biyu kawai gare shi. Ta girgiza kai, ta ce huɗu take so, saboda gaba za ta ƙara. Na biyu kuwa an cika shi da fitilu, ja, kore, shuɗi, sai walwali yake. Na ga idonta ya tsaya a kai.

Ya ce, "Wannan ado ne kawai. Dubi ƙarfen da ke kan ɓangaren wutarsa, siriri ne. Kika yi awa uku kina tuƙi zai ɗau zafi, wasan ya fara sanyin jiki."

"To na ukun fa?"

"Shi ba shi da kyan gani, amma shi zan zaɓa wa ƙanwata. Ƙarfen shan zafinsa mai kauri ne. Ramin katin hoto an ɗaure shi da ƙarfe, kin san katinki nauyin bulo gare shi, ba zai ɓalle ba. Wurin ma'ajiya biyu. Yana kama intanet da kansa, ba sai kin ja waya ta tsakiyar falo Baba ya yi tuntuɓe ba. Sannan ga 'yan fitilu huɗu a gefe, idan kwamfuta ta ƙi tashi, su za su nuna miki inda ciwon yake."

Auta ba ta bar shi haka ba. Ta tambaye shi ko zai shiga akwatin da ta riga ta saya, ya ce ta auna, ta tashi ta ɗauko tef ta auna a gabansa. Ta tambaya ko zai gane furosesanta daga fitowa daga kwali. Ta tambayi yawan wuraren sa fanka. Yana amsawa tana rubutawa a bayan wata takarda. Na ji daɗi a raina, amma ban nuna ba.

Abin da ya tsaya min a wuya ɗaya ne. Na biyun nan mai walwali ya fi tsada, amma ya hana ta. A duniyar da na sani, mai shagon da ya hana ka sayen mai tsada, akwai wani kaya a ƙasan kanta da yake neman ya rabu da shi.

Ranar Laraba ya aiko da kwalin, a liƙe. Ranar Alhamis da safe muna shan shayi, ta tashi ɗauko sukari ta bar wayarta a kan tebur, sai wayar ta yi haske. Ban taɓa ba. Leƙawa na yi, kuma leƙe ba taɓawa ba ne.

"Direbata kin tashi lafiya? Ki bar kwalin a rufe sai ranar haɗawa. Baƙin murfin nan na tsakiya kuma kada kowa ya ɗaga shi, ko Baba ne."

Ga fuskar dariya a ƙarshe, ga jar zuciya.

Ko Baba ne.

Shayin nan ban san yadda na ƙarasa shi ba. Ku faɗa min tsakaninku da Allah, mutum ya kawo kaya gidanka, ya ce kada a ɗaga murfi, har ya kama sunanka, me za ka ɗauka yana ƙarƙashin murfin?

Na tafi gareji kamar kullum, amma hankalina na gida. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na san Auta na ofis, Mamanta kuma ta tafi duba babbar 'yarmu. Na goge hannu da tsumma sama-sama, na dawo.

Ɗakin Auta na shiga, abin da na yi shekaru ban yi ba. Labule shuɗi, ƙamshin turarenta, takalma jere a ƙarƙashin gado. A kan tebur ga sitiyarin wasan nan an ɗaure shi da maɗauri, a gefe ga kwalaye an jera kamar kantin magani. Na zaro na madabod. Na sa reza na yanka liƙin a hankali, yadda zan iya mayarwa.

Na fito da shi daga wata leda mai ƙyalli. Na fara da hanci, don tsohon kaya ko an wanke shi yana warin ƙuna. Babu. Na duba ramukan sukuru, don wanda aka taɓa ɗaurawa sai ka ga zoben da kan sukuru ya bari. Babu. Na busa cikin ramukan ram ko ƙura za ta tashi. Ko ɗigo. Sabo ne fil.

A nan ya kamata in tsaya. Na sani. Kada ku rubuto ku faɗa min.

Ga baƙin murfin a tsakiya, na roba, faɗinsa bai wuce kwalin ashana ba. A gefensa wani siririn ƙarfe ne ya danne shi. Na taɓa ƙarfen, ya yi tsalle. Na ɗaga.

Babu wasiƙa, babu tsatsa, babu ƙuna. Wani fili ne ɗan ƙarami, ruwan zinare, yana sheƙi kamar karammiski. Sai na ce a raina, yauwa, ga inda aka yi fentin. Mu a wurinmu ido ba ya yanke hukunci, yatsa ne alƙali. Silinda ce, fistan ne, gaskit ne, babban yatsa kake sawa ka murza, idan akwai kaushi ko fenti zai gaya maka. Shekara talatin da ɗaya yatsan nan bai taɓa ba ni kunya ba. Na ɗora shi a tsakiyar zinaren, na danna, na murza.

Sai na ji wani abu ya kwanta a ƙarƙashin yatsana, kamar gashin gemu na kwana biyu.

Na ɗaga hannu. Inda na taɓa ya daina sheƙi irin na sauran. Na kai shi bakin taga, na ƙanƙance ido. Ashe ba fili ba ne. Wasu 'yan ƙafafu ne, sun fi gashi siranta, ɗaruruwa, kowace tana tsaye a layinta. Na wurin yatsana sun kwanta, wasu sun hau kan 'yan'uwansu.

Na ce ai abin da ya lanƙwashe miƙe shi ake yi. Na fita tsakar gida na karyo tsinken tsintsiya. Na ɗago ɗaya, uku suka kwanta. Na sake gwadawa, wurin ya ƙara faɗi. Sai na ajiye tsinken, na mayar da murfin, na mayar da ledar, na liƙe kwalin da salatif, na jera shi inda yake. Na koma gareji. Ranar nan sau biyu ina ɗaura noti a baibai.

Ranar Asabar Auta ta tashi da murna. Ta share teburin cin abinci, ta ɗaure gashinta, ta sa tsohuwar rigata ta aiki wadda ta kai mata gwiwa. Ta jera sukuru a cikin murfin kwano. Mamanta ta jawo kujera za ta yi kallo.

"Baba zo ka riƙe min akwatin, yau kai ne ƙaramin ma'aikaci."

"Ƙafata na ciwo," na ce. Na zauna nesa.

Ta ɗauki kwalin za ta yanka, sai ta tsaya. Ta shafa bakin da yatsa.

"Mama, wannan salatif ne a kan liƙin kamfani."

"To ba liƙi ba ne duka?"

Ta buɗe, ta fito da shi, ta kwantar a kan kwalinsa. Ta ɗauko furosesa ta riƙe ta gefe-gefe kamar mai riƙe da ƙwai. Ta saki siririn ƙarfen nan, ta ɗaga. Na ga bayanta ya sandare.

Ta kunna fitilar waya ta haska. Ta daɗe a sunkuye.

"An lanƙwasa ƙafafun."

"Ba a miƙewa?" in ji Mamanta.

"Mama, sun fi dubu, kowace da aikinta. Ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta, ina kunnawa furosesan zai iya ƙonewa. Kuma irin wannan kamfani ba ya karɓa, cewa za su yi kai ka yi." Ta sake shafa salatif ɗin. "An taɓa buɗe shi. Wani ya ɓata ya mayar, aka liƙe aka kawo min. Shi ya sa ya ce kada in buɗe sai yau."

Jama'a, a nan ne na yi abin da ya fi murza yatsan muni. Baki na buɗe na ce, "Ban faɗa muku ba? Na ce mai sayar da kayan gyara ba abin yarda ba ne."

Ni na faɗa. Da bakin nan.

Ta ɗauki hoto ta tura masa. Tana rubutu tana karanta wa Mamanta da ƙarfi, ni ina ji.

"Mene ne wannan?"

Ya amsa nan take: "Innalillahi. Ya aka yi?"

"Ni zan tambaye ka. Kwalin a yanke ya zo, an liƙe da salatif."

"Wallahi a rufe na aiko shi."

"To aljanu ne suka buɗe?"

"Kada ki sa furosesa. Kada ki taɓa komai. Gobe zan zo in gani da idona."

Ta kife wayar. Ya kira sau huɗu ba ta ɗauka ba. Ta kwashe sukurun nan ɗaya bayan ɗaya ta mayar a ledarsu, ta tuɓe rigata ta ninke ta ajiye min a hannun kujera, ta shige ɗaki.

Ga shi abin da nake nema wata da watanni ya samu. Ɗan Tabarau ya faɗi ƙasa, ban ko tura shi da hannu ba. To me ya sa abinci ya ƙi wuce min? Mamanta ta kalli kwanona, ta kalle ni.

"Baban Auta, lafiya? Tun shekaranjiya kake wasa da abinci."

"Ciki ne."

"Ɗazu ƙafa, yanzu ciki. Ranar Alhamis maƙwabciya ta ce ta ga babur ɗinka a ƙofar gida da hantsi."

"Sifana na manta."

"Sifana," in ji ta. Ta ɗauke kwanon ba ta ƙara ba. Matar nan shekara talatin muna tare, idan ta maimaita maganarka ta yi shiru, ka shiga uku.

Lahadi da hantsi ya zo. Rigar yau ba a goge take ba. Ya gaishe mu, na amsa a daƙile. Auta ta fito cikin baƙar doguwar riga, mayafi har goshi, fuska ba ko hoda. Ta ajiye madabod ɗin a tebur ta koma gefe ta harɗe hannu.

"Ga kayanka, Malam."

Yau babu Injiniya.

Ya buɗe jakarsa ya fito da madubin ƙara girma. Ya ɗaga murfin, ya sunkuya. Ya juya allon, ya sake dubawa. Ya zaro farin ƙyalle ya goga a gefen gurbin, ya duba ƙyallen. Daga inda nake na hango ɗan baƙi-baƙi a jiki. Ya kai hanci ya sansana.

Baƙin mai ne. Ko a mafarki na san warinsa.

Bai ɗago kai duka ba. Ta saman tabarau ya kalli hannuna da ke kan gwiwa, ya kalli babban yatsana mai baƙin layi a ƙarƙashin farce. Sannan ya kalli fuskata, sau ɗaya. Ya dunƙule ƙyallen ya cusa a aljihu.

Na ce a raina, shi ke nan, zai tona. Ya tona mana, ai da ni ne a wurinsa da tuni na yi.

"To?" in ji Auta.

Ya cire tabarau ya goge a gefen riga. "Laifina ne."

"Me ka ce?"

"Ni na buɗe shi a shago don in tabbatar lafiyarsa ƙalau. Hannuna ya kuskure. Na ji kunyar faɗa miki."

Kun san abin da ya fara zuwa min? Ba godiya ba. Cewa na yi, yaron nan me yake nufi? So yake ya riƙe ni da wannan har ƙarshen rayuwata? Ranar da na ɗaga masa murya ya kalli yatsana? Kuma dubi yadda ƙaryar ta fito masa sumul, ko tuntuɓe babu.

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wato ka ɓata, ka gani da idonka ka ɓata, ka mayar da murfi ka rufe. Ka nemo salatif ka liƙe. Ka bar ni ina tsalle ina jiran Asabar."

"Zan canza miki da wani."

"Ba madabod ne ya dame ni ba! Kuskure kowa yana yi. Da ka ce min, na lanƙwasa, da dariya zan yi maka. Amma mutum ya zauna yana kallona ina murna alhali ya san abin da ke cikin kwalin? Wane irin mutum ne wannan? Jiya har da wallahi!"

Kowace kalma shi take faɗa wa, ni take samu. Shi yana tsaye kai a ƙasa. Mamanta kuwa ba shi take kallo ba. Ni take kallo.

"Ka faɗa wa iyayenka kada su wahalar da kansu da zuwa Asabar mai zuwa," in ji Auta. "Wanda zai rufa min ɓarna a ƙaramin abu, a babba ma zai rufa."

Ya fara mayar da madubin cikin jaka. Zif ɗin ya ƙi jawuwa. Na zuba masa ido ina jiran ya juyo ya nuna ni. Ya rataya jaka. Ya ce, "Mama, na tafi. Baba, a huta lafiya." Ya nufi ƙofa da gaske.

Ni mutum ne mai taurin kai, kowa ya shaida. Amma ban taɓa barin wani ya ɗauki dukan da yake nawa ba.

"Kai, dawo."

Ya tsaya.

"Auta, ni ne."

"Kai ne me, Baba?"

"Ni na yanka kwalin da reza ranar Alhamis. Ni na ɗaga murfin. Na ɗauka fenti ne, na sa yatsa na murza. Da na ga ya kwanta na sa tsinken tsintsiya."

"Tsinken tsintsiya," in ji Mamanta a hankali, ta dafe kai.

Ɗan Tabarau ya runtse ido kamar shi aka soka da tsinken.

Na zaci kuka za ta yi, ko ta yi min faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta kalle ni ta daɗe. Sai ta juya wurinsa.

"Ka sani?"

"Yanzu na gane, da na ga man."

"Ka gane, sai ka kalli tsabar idona ka shirya min labari."

"Mahaifinki ne. Ban so ki..."

"Ba ka so in me? Ni yarinya ce da za a rufe wa ido?" Ta juyo kaina. "Kai Baba kwana uku kana kallona, har kana cewa ba ka faɗa mana ba. Shi kuma minti ɗaya ya ishe shi ya ƙera ƙarya. Da wanne zan fara?"

"Da ni," na ce. "Yaron nan rufa min asiri ya yi."

"Ai shi ne abin da nake tsoro, Baba. Ya iya."

Ta ɗauki madabod ɗin da hannu biyu, ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa. Mamanta ta bi ta, ta tsaya a bakin ƙofar ta juyo ta ce min, "Sifana," sannan ta shiga.

Muka rage mu biyu. Na fita tsakar gida na zauna a benci, ya biyo ni ya zauna a ɗaya ƙarshen, jaka a kan cinya. Rana ta take.

"Wa ya aike ka?" na ce daga baya.

"Babu."

"Me kake so a wurina?"

"Baba, abin da nake so ai ka san shi. Kuma ga shi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa."

Na kauda zancen. "Abin nan yana gyaruwa?"

"Wani lokaci. Da allura ake ɗago su ɗaya-ɗaya. Na ƙirga wajen goma sha tara. Idan ɗaya ta karye, shi ke nan."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa miƙe uku. Ban taɓa bin bayan tsintsiya ba."

Na kalle shi in ga ko raini ne. Fuskarsa ba dariya.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya karanta, ya sake karantawa. Ya miƙo min, saƙon Auta ne.

"Ka shigo falo da madubinka da allurarka. Idan kwamfutar ta tashi, za mu zauna mu yi maganar ƙarya, kuma ba gajeriyar magana ba ce. Idan ba ta tashi ba, ban san abin da zan ce maka ba tukuna. Baba ne zai riƙe maka tocila."

Babu fuskar dariya, babu zuciya.

Muka shiga. Ta riga ta ajiye allon a kan tebur, ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta jingina, Mamanta a bayanta. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ja madubin kusa, ya zaro wata allura da ko ganinta sai ka matso. Ya miƙo min tocila.

Hannun nan nawa ya ɗaga giyabos, ya kwance notin da ya shekara goma da tsatsa. Tocila 'yar ƙarama na riƙe, hasken sai rawa yake a kan zinaren.

"Baba, sa gwiwar hannu a kan tebur. Yauwa. Ƙasa kaɗan."

Na yi yadda ya ce. Ni, yadda ya ce.

Ya kai bakin allurar ƙarƙashin ƙafa ta farko, wadda ta fi kowace kwanciya. Na ga ta fara ɗagowa, siririya, tana makyarkyata.

"Baba," ya ce, ko leɓensa bai motsa sosai ba, "kada ka yi numfashi."